Asalin Kalma: Hali

Hali kalmar aro ce daga Larabci, "hal". Tushenta a can yana nufin juyawa da sauyawa, shi ya sa Balarabe ke kiran yanayin da mutum ya tsinci kansa a ciki da ita: yau lafiya, gobe ciwo. Wannan ma'anar tana nan a bakinmu. Muna cewa "halin da ake ciki", mai abin hannu kuma "mai hali" ne, wanda aljihunsa ya bushe ya ce "ba ni da hali".

Abin mamaki shi ne yadda Bahaushe ya ɗauki kalmar sauyi ya ɗora ta a kan abin da yake ganin ba ya sauyawa, har ya ce hali zanen dutse. Yaro ya yi rowa, kakarsa ta taɓe baki ta ce, "Halin ubansa ne, bai bar komai ba." Amma kakar nan ce za ta kama kunnensa gobe idan ya wuce baƙo bai gaishe shi ba, tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe dai ba ta yarda iccen ya gama bushewa ba.

Masana ma sun daɗe suna wannan ja-in-ja. Binciken tagwayen da aka raba tun suna jarirai, wanda Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1979, ya nuna gado yana da kaso mai tsoka a hali, amma bai cinye duka ba. Ragowar ta abin da rayuwa ta kawo ce.