Susanna Al-Hassan

Susanna Al-Hassan (27 Nuwamba 1927 – 17 Janairu 1997) malamar makaranta ce, marubuciya kuma 'yar siyasa daga ƙasar Gana. An haife ta a Tamale, ta yi karatu a makarantar Achimota. Daga 1955 zuwa 1960 ta shugabanci makarantar midil ta 'yan mata a Bolgatanga.

A 1960 ta shiga majalisar dokoki tana wakiltar Yankin Arewa, cikin mata goma da wata doka ta musamman ta ware wa kujeru. Shugaba Kwame Nkrumah ya naɗa ta mataimakiyar ministan ilimi a 1961, daga baya ta riƙe ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ita ce mace ta farko da ta zama minista a Gana. Ta rubuta littattafan yara, ciki har da Issa and Amina.