Kati a Madarunfa, ɗalibi a Yamai: tarihin ƙuri'ar ƴan makaranta

Yau magana ce kan ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke karatu nesa da gida, da yadda ƙuri'arsu ke salwanta tsakanin tasha da rumfar zaɓe.

Mu fara da baya kaɗan. Zaɓen kowa da kowa, mace da namiji, bai zo ƙasar nan ba sai da dokar Faransa ta 1956. Bayan shekara biyu, ran 28 ga Satumba 1958, anka yi ƙuri'ar raba gardama wadda Djibo Bakary da Sawaba sunka ce a'a, masu i sunka rinjaye. A lokacin ba wanda ke maganar ƙuri'ar ɗalibi, don ƴan lakkwal ɗin ba su da yawa, masu karatu mai zurfi kuwa suna Dakar ko Faransa. Daga samun ƴanci a 1960 jam'iyya ɗaya ce, ta Diori Hamani. Kountché ya zo a 1974 ya rufe babin zaɓe gaba ɗaya. Ko wanda anka yi a Disamban 1989, Ali Saibou shi kaɗai ya tsaya.

Abin da ya kamata yaran yanzu su sani shi ne, ɗalibai ne sunka ɓalle ƙofar. Ran Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, ƴan jami'ar Yamai sunka fito zanga-zanga, jami'an tsaro sunka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku sunka rasu, Allah ya jiƙansu. Daga nan guguwar ba ta kwanta ba. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ƙungiyar ƙwadago sunka matsa har anka kira babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, André Salifou na jagoranta, ɗalibai kuma na zaune ciki da cikakken matsayi. Zaɓen 1993 da ya kawo Mahamane Ousmane, ɗan wannan taron ne. To ku dubi abin mamaki: waɗanda sunka zubar da jini don a samu akwatin zaɓe, su ne akwatin ya fi yi wa nisa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Doka ta ce duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 yana da ƙuri'a, amma sunanka a takardar rumfa ɗaya yake, inda anka rubuta ka. Yaro ya ci bak, ya bar Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma ya tafi jami'a. Shekaru masu yawa, in ka cire jami'ar Musulunci ta Say, jami'a ɗaya ce a ƙasar, ta Yamai, tafiyar kilomita fiye da 600 daga nan. In ya yi rajista can, ya saki zaɓen kansila da na dipite na garinsu, zai zaɓar wa mutanen Yamai wakilai. In ya yi ta a gida, sai ya nemo kuɗin mota zuwa da komawa, ga bursu da ba ta cika zuwa kan lokaci ba. Mafi yawa sai su haƙura. Wasu kuma, mun gani da idonmu, ƴan siyasa ke ɗauko musu mota kyauta ana jajibirin zaɓe. Wanda ya kawo ka kyauta kuwa ai kun san ba don Allah kaɗai ya kawo ka ba.

Za a ce ai akwai wakilci. Gaskiya ne, dokar zaɓe ta yarda mutum ya wakilta wani ya jefa masa ƙuri'a in yana da uzuri. Sai dai abu ne na takardu da sa hannun hukuma, ɗalibai ƙalilan ne ma sunka san da shi. Ga kuma maganar sirri. A gidajenmu in ka ba baba ko yaya wakilci, wa zai iya ce masa ga wanda nake so, alhali an san jam'iyyar gidan tun zamanin kaka? Aika ƙuri'a ta gidan waya irin na Amurka, wanda sunka faro don sojojinsu lokacin yaƙin basasarsu, mu ba mu taɓa yin shi ba.

Buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010 ya rage nisa ƙwarai. Ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai iya hawa kabu-kabu da safe, ya yi zaɓe a Madarunfa ko Jiratawa, ya koma kafin la'asar. Amma ba kowa ke samun fannin da yake so a Maraɗi ba, har gobe namu na Yamai da Damagaram da sauran jihohi.

Sai matsala ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko girma: takarda. Yara da yawa a ƙauyukanmu an haife su ba a yanka musu takardar haihuwa ba. A nan ɗalibi ya ɗan fi saura sa'a, tunda ba a zama jarrabawa sai da ita. Almajiri fa, wanda shi ma karatu ya fitar da shi gida? A zaɓen 21 ga Fabrairun 2016 rikicin da anka sha ke nan, na zaɓe da shaidu, inda mutum biyu za su tsaya su ce sun san ka. Ƴan adawa sunka ce ƙofar maguɗi ce, amma a ƙarshe anka bari. Don a kauce ma haka ne hukumar CENI ta yi rajistar zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, jiha-jiha, daga ƙarshen 2019 zuwa cikin 2020, anka samu mutum wajen miliyan 7 da dubu 400. Aiki ne mai kyau, ba mu musa ba. Illarsa ga ɗalibi ita ce, ba a yi maka a bayan ido. In na'ura ta zo unguwarku kana aji a wata jiha, ta wuce ka.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙari. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya taku kaɗan ne, yaranmu da yawa na karatu Katsina, Kano, Zariya da Sakkwato. Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020, wato daidai tsawon lokacin rajistar. Cutar korona kuma ta hana a rubuta ƴan ƙasa mazauna waje, shi ya sa kujeru biyar nasu na majalisa sunka zauna wayam har zuwa Yunin 2023. Su maƙwabtan namu da zaɓensu ya zo a 2023, rufe jami'o'i sunka yi na wajen mako uku don ɗalibai su koma inda katinsu yake. Dabara ce mai tsada, karatu ya tsaya, amma dai sun nuna sun san da matsalar.

Zaɓen ƙasa na ƙarshe da munka yi shi ne zagaye na biyu, ran 21 ga Fabrairun 2021. Tun 26 ga Yulin 2023 soja ke riƙe da mulki, a Maris 2025 kuma anka rushe jam'iyyu, anka tsaida wa'adin shekara biyar wanda zai iya canzawa. Ku lissafa da kanku. Yarinyar da anka haifa a Madarunfa tsakiyar 2003 ba ta kai 18 ba a wancan zaɓen. Yau ta yiwu ta gama digirinta, ba ta taɓa dangwala yatsa a tawada ba, haka duk na bayanta.

Duk ranar da anka ce za a koma rumfa, dole a sake rajista ko a gyara tsohuwar, kuma a lokacin ne ake rubuta ƙa'ida. Muna ganin abu biyu ya kamata ƙungiyoyin ɗaliban Madarunfa da ke jami'o'i su nema tun ana shimfiɗa dokar: a kai na'urar rajista cikin makarantu, ɗalibi ya faɗi rumfar garinsu a rubuta shi can, sannan a bar shi ya jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa a garin da yake karatu. Iyaye kuma, wanda ɗansa ba shi da takardar haihuwa, ɗan boko ne ko almajiri, ya nufi ma'aikatar magajin gari ya tambayi yadda ake samun ta tun layi bai yi tsawo ba.