Bakolori: Abin da Masu Bincike Suka Gani da Lokacin da Aka Saurare Su

A ƙarshen watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa manoman da suka shafe watanni suna tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, a ƙasar da a lokacin take cikin Jihar Sakkwato. Birnin Tudu ne sunan da aka fi ambata idan ana maganar wannan rana. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, amma adadin da ya fi yawo a rubuce-rubucen da suka biyo baya shi ne 386. Manoman na neman diyyar gonakinsu da itatuwansu, da kuma a mayar musu da filayen da aka karɓe da sunan za a gyara su. Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamna, mulkin farar hula kuwa bai cika wata bakwai ba.

Mafi yawan abin da aka sani a yau game da Bakolori, daga yadda aka tsara aikin zuwa abin da ya jawo wa mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya fito ne daga alƙaluman malaman jami'a. Saboda haka tarihin wannan madatsa wuri ne mai kyau na auna abin da bincike ke iya yi wa jama'a. Akwai ilimin da aka samar kafin a kafa tubali, akwai wanda aka samar bayan an yi ɓarna, kuma kowannensu ya gamu da makoma daban.

Na farko ya zo a 1969, lokacin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala nazarin ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato. Rahotonta ya ba da shawarar a gina madatsa matsakaiciya, a fara ban ruwa a hankali, kada a girgiza tsarin noman da mutane suka saba da shi. Shawara ce ta mai tafiya da ƙafa, sai ta faɗa hannun mai kuɗin mota. Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya fara kwarara, fari ya addabi Arewa a 1972 da 1973, gwamnatin soja kuma tana son aikin da ido zai gani. Aka ba kamfanin Impresit na Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, aikin nazari da zane. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Da nazarin ya fito, ƙaramar madatsa ta zama babba, kuma kamfanin da ya tsara girman aikin shi ne aka ba kwangilar gina shi. Ba sai an yi dogon bayani ba a kan abin da ke faruwa idan tela ne zai faɗi yawan yadin da riga ke ci.

An kammala madatsar a 1978. Tsawonta ya haura kilomita 5, tafkinta na iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma shanye fili wajen hekta 8,000. An so a shayar da hekta 30,000, daga baya aka rage zuwa 23,000: hekta 8,000 ta magudanai da ruwa ke gangarawa da kansa, hekta 15,000 kuwa ta bututun feshi masu buƙatar wuta da injuna da kayan gyara daga ƙetare.

A daidai shekarun da ake wannan lissafi, wani irin ilimi na daban yana tasowa a Samaru ta Zariya. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke can, wadda ta samo asali daga tashar gwaji ta 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da wani sashe na nazarin tattalin arzikin karkara. David Norman, masanin tattalin arzikin noma da ya jagoranci sashen, ya yi abin da ba a saba yi ba a wancan zamani: ya sa ma'aikata suka zauna a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa suna rubuta kowace sa'a ta aikin gona da kowane damin da aka girbe, shekara guda cur. Daga baya shi da abokan aikinsa suka yi makamancin wannan a wasu ƙauyuka uku na kewayen Sakkwato. Abin da suka gano ya saɓa wa koyarwar malaman gona na lokacin. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake ɗauka jahilci ne ya hana shi shuka iri guda a jere, ashe lissafinsa ya fi na masu yi masa dariya. Haɗin yana ba shi amfani mai yawa a fili ɗaya, yana kare shi idan ruwa ya yi gardama, yana kuma sauƙaƙa masa matsin watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke neman hannu fiye da yadda gida ke da shi. Norman ya wallafa wannan a 1974, shekarar da ake kammala zanen Bakolori.

Darasin a fili yake: manomin Arewa yana da tsari, kuma duk aikin da zai taɓa gonarsa ya kamata ya fara da fahimtar tsarin. Zanen Bakolori ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa haka. An ɗauki ƙasar a matsayin fili, ruwan a matsayin adadi, manomin kuma a matsayin wanda za a koya wa noman alkama.

Wahalar ta faɗo wa mutane ta fuska uku, kuma ba lokaci ɗaya aka gan su ba. Waɗanda tafkin ya cinye garuruwansu, dubban mutane a ƙasar Maradun, an kwashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar fadamar da suka baro ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa kuwa an hana su shuka yayin da katafila ke baje ƙasa, wasu damina fiye da ɗaya. An tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya, itatuwan da ke ciyar da gida a shekarar da hatsi ya gaza. Da aka zo mayar da filaye, sai aka tarar iyakokin da kowa ya sani, kunya da kututture da tsohuwar hanya, duk sun shafe. Gonar gado da ta jingina da ta aro, waɗanda dattawan gari ke riƙe da tarihinsu a ka, sun zama lambobi a takardar da manomi ba ya iya karantawa. Daga nan tare hanyoyi ya fara, har abin ya kai ga watan Afrilun 1980.

Bayan kisan, jami'a ce ta hana maganar mutuwa. A Zariya, Yusufu Bala Usman ya tattara takardu kan danniyar siyasa a Nijeriya a wani littafi na 1982, Bakolori na ciki. Okello Oculi ya yi rubutu a kan rikicin. Bjorn Beckman, ɗan Suwidin da ke koyar da kimiyyar siyasa a jami'ar, ya wallafa nazari a 1985 da ya bi diddigin yadda buƙatun gwamnati da na kamfanin ƙetare suka haɗu a kan manomi. A shekarar ce kuma shi da Gunilla Andrae suka fitar da littafin The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna yadda sabon da birane suka yi da burodi ya sa ƙasa ta dogara da alkamar Amurka, sannan aka yi amfani da wannan dogaro wajen halatta manyan ayyukan ban ruwa masu tsada domin noman abin da yanayin ƙasar bai cika karɓa ba. Alkama na son sanyin hunturu, kuma kwanakin sanyin ba su da yawa a kwarin Sakkwato. Wanda ya makara da shuka, zafin bazara zai riske shi kafin ƙwaya ta cika. Tina Wallace, wadda ta yi nazarin aikin ban ruwa na Kogin Kano daga wannan jami'a, ta riga ta nuna yadda irin waɗannan ayyuka ke sa ƙaramin manomi ya ba da hayar gonarsa ko ya sayar wa mai hali. Wannan sashe na binciken bai mayar wa kowa gonarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye shaida a inda sanarwar gwamnati ba za ta iya share ta ba.

Fuska ta uku ita ce wadda babu wanda ya lissafa, kuma a nan ne binciken ya fi nuna amfaninsa. Ƙasa da madatsar, kogin na ratsa fadama mai faɗi har ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato. Mutanen wannan fadama ba a tashe su ba, ba a karɓi gonarsu ba, don haka ba su shiga jerin masu diyya ba. Amma rayuwarsu ta rataya ne a kan ambaliyar da kogin ke yi kowace damina. Ruwan da ke malala shi ke raya shinkafar fadama, shi ke barin laima da taɓo mai taki da ake noman albasa da sauran kayan rani a kansu, shi ke cika tafkunan da kifi ke hayayyafa, shi ke ɗaga ruwan ƙasa yadda rijiya mai gajeren zurfi za ta ba da ruwa. A idon injiniya ambaliya ɓarna ce da madatsa za ta magance. A wurin mai gona a fadama, ita ce jarin shekara.

William Adams, masanin labarin ƙasa daga Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya bi ƙauyukan wannan fadama yana tambayar manoma da masunta abin da suke samu kafin madatsa da bayanta, ya kuma gwada amsoshinsu da ma'aunin ruwan kogi. Sakamakon da ya wallafa a 1985 ya nuna ambaliyar ta ragu a zurfi da faɗi da daɗewa. A cikin fadama mai kimanin hekta 19,000, an yi asarar noman shinkafa a wajen hekta 7,000 da noman rani a wajen hekta 5,000. Manoma sun koma gero da dawa, waɗanda ba su kai shinkafa daraja ba, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama suka tafi neman ruwa a wasu wurare. Idan aka ɗora wannan a kan sikeli tare da abin da filin ban ruwa ke samarwa, ribar aikin ta ragu ƙwarai. Lissafin da aka amince da aikin a kansa bai taɓa sa wannan asara a ciki ba, domin ba a aika kowa ya tambayi mutanen ƙasan kogi ba. Hanyar da Adams ya bi kuwa ba ta buƙaci na'ura mai tsada: littafin rubutu ne, da tafinta, da haƙurin zama a gindin bishiya.

Wannan binciken ya makara ga Bakolori, amma ya isa wasu wurare a kan kari. A farkon shekarun 1990, Adams da Edward Barbier da Kevin Kimmage suka auna darajar dausayin Haɗejiya da Nguru, suka nuna cewa kowace ɗigon ruwa da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfanin noma da kifi da itace fiye da wanda aka tare don aikin ban ruwa na Kano. Wannan lissafi ya zama makami a muhawarar madatsar Kafin Zaki da sakin ruwa daga Tiga da Challawa. A ɓangare guda kuma, hukumomin raya aikin gona na Kano da Sakkwato da Bauchi sun gwada ƙananan rijiyoyin bututu da injin ban ruwa na fetur da manomi ɗaya zai iya saya ya kuma gyara a kasuwar garinsu. Daga nan shirin Fadama na ƙasa ya fito a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya. Tushensa shi ne abin da Samaru ta faɗa shekara ashirin kafin nan: a ƙarfafa abin da manomi ke yi, a bar masa ikon gonarsa. Ba daidai ba ne a ce takardun malamai kaɗai suka kawo wannan sauyi, domin faɗuwar farashin mai ta riga ta sa manyan madatsu sun fi ƙarfin baitulmali. Sai dai lokacin da aljihu ya tilasta neman wata hanya, an tarar da hujjarta a rubuce.

A Bakolori kanta, bututun feshin da aka shimfiɗa wa hekta 15,000 sun daina aiki, kuma zuwa farkon shekarun 2000 abin da ake shayarwa bai wuce hekta 7,500 ba, mafi yawansa a ɓangaren magudanai. Alkamar da aka gina mafarkin a kanta ta ja baya, shinkafa ta zama babbar shuka, wato abin da fadamar ke bayarwa tun kafin zuwan katafila. Cibiyar Samaru tana da tashar binciken ban ruwa a Talata Mafara, Bakura na da kwalejin aikin gona, kuma bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 an kafa jami'ar jiha a Talata Mafara.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na cikin na gaba. Biyu daga cikin ginshiƙansa su ne mayar da wani ɓangare na filin feshi zuwa magudanai, da miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Aikin ya zo a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Maradun da Bakura da Talata Mafara, inda zuwa gona kansa ya zama kasada, kuma irin zaman da Norman da Adams suka yi a ƙauye, suna ƙirga dami suna sauraron masunta, ya yi wuya ga ɗalibin da jami'arsa ke 'yan kilomitoci daga bakin tafkin.