Masu Tsaron Hujja: Lugu da Waɗanda Suka Adana Labarinta

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa kai ƙara gaban alƙali ya san cewa zafin zuciya ba ya wadatarwa, domin abin da za a tambaye shi shi ne wa ya gani, yaushe, a ina, kuma ina shaida. Irin wannan buƙata ce ta sa a shekarar 2004 waɗansu ma'aikatan ɗakunan karatu a Amurka suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Radical Reference. Lokacin babban taron jam'iyyar Republican a birnin New York sun fita titi riƙe da kundayen bayanai, suna amsa tambayoyin masu zanga-zanga da ƴan jarida ba tare da karɓar ko sisi ba. A ƙasar Arewa ta Nijar, wato ƙasar Arawa da ta ƙunshi Dogondutsi da Tibiri a jihar Doso, irin wannan aiki ya daɗe yana gudana a hannun tsofaffi da malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin sa-kai, kuma a kan aikinsu ne wata ƙara mai shekara fiye da ɗari take tsaye.

Abin da ya faru a 1899

A farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta bar gaɓar kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Rundunar ba ta ɗauko guzurin da zai ishe ta ba, don haka ta rayu da kwasar hatsi da dabbobi da kama mutane su yi mata dako, garin da ya ƙi kuwa a cinna masa wuta. Ta biyo kwarin Dallol Mawri, ran 16 ga Afrilu ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya, wanda yake cikin karkarar Dankasari ta yau. Maharban Lugu sun tare ta da kibau, suka kashe mata mutum huɗu, suka raunata shida, sa'an nan suka janye cikin kurmi aka ƙone garin. A watan Mayu aka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba.

Labarin ya isa Paris ne ta hanyar wasiƙar Laftanar Péteau, wani hafsa da aka kora daga rundunar. Gwamnati ta turo Kanar Klobb ya karɓi ragamar, amma Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu na Maijirgi. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata. A Faransa ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike, majalisa ta ƙi a 1900, daga bisani aka rufe maganar da cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu. Abin lura shi ne, jinin Klobb ne ya girgiza Paris, dubban talakawan da aka kashe a kan hanya ba a ko rubuta sunayensu ba.

Rumbuna biyu

Daga nan labarin ya rabu gida biyu. Takardu, wato rahotannin hafsoshi da wasiƙun gwamnoni, suka tafi inda talakan Arewa ba ya iya kaiwa: rumbun takardun Afirka ta Yamma a Dakar, na mulkin mallaka a Aix-en-Provence, da na soja a Vincennes. Waɗannan takardu suna da kwanan wata da ƙidayar harsasai, amma ƴan layuka kaɗan suka ba Sarauniya, suna kiranta matsafiya. Rumbu na biyu kuwa yana cikin ƙirazan mutane, a Lugu da Bagaji da Matankari, inda dattawa da makaɗa suke riƙe da jerin sarakuna da sunayen rijiyoyi da wuraren da aka ɓuya. Mutanen Lugu ba baƙin shari'a ba ne, domin a wurinsu ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara idan gaskiya ta ɓuya tsakanin mutum biyu.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka fara kusanto da rumbunan biyu. Marc-Henri Piault ya zauna da dattawan Arewa, ya fitar da littafinsa Histoire mawri a 1970. A Yamai, da ƙoƙarin Bubu Hama, aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974, aka san ta da suna CELHTO. Masanan sun samu suna, amma dattijon da ya zauna yini guda yana ba da labari da malamin da ya yi tafinta, su ne ainihin masu tsaron rumbun, kuma sau da yawa ladarsu ba ta wuce goro ba.

Tsakanin almara da shaida

A 1980 Abdullahi Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, ya wallafa ƙagaggen labarinsa Sarraounia. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ta haka sunan Sarauniya Mangu ya zagaya duniya. Sai dai marubucin ya siffanta ta a matsayin jaruma mai jan daga da kanta, alhali a al'adar Lugu Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da mata suke gada ɗaya bayan ɗaya, mai riƙe da shi tana zaune a ɗakinta, ƙarfinta na tsari ne da addu'a. Almara ta yi aikinta na farkar da mutane, amma ba a kai ta gaban alƙali.

A nan ne aikin ƴan sa-kai ya fito fili. Ƙungiyar Tarbiyya Tatali, wadda ta haɗa ƴan Nijar da abokansu na birnin Rennes, ta koma Lugu ta saurari mutanen garin, ta gwada maganarsu da abin da aka rubuta. Ta fitar da littafin Lougou et Saraouniya, aikin Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo. Wannan shi ne aikin mai tsaron ɗakin karatu na ƙwarai: ya nuna wa mai nema inda hujja take, ya kuma faɗa masa inda ta tsaya, ko da ransa bai so ba.

Ƙarar da ta kai Janiba

A 2014 wani malamin tarihi a Junju, Hosseini Tahirou Amadou, ya fara fafutukar neman Faransa ta amsa laifin. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin da Femi Nylander, wanda ya fito a 2020, ya bi sawun rundunar yana naɗar muryoyin jikokin waɗanda abin ya shafa. Al'ummomi huɗu na Nijar suka kai kokensu ga wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da gaskiya da adalci da diyya, suna neman a buɗe musu takardu, a amsa laifi, a gyara ɓarna. A watan Yuni na 2025 Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhakin ba, tana cewa dokokin yau ba sa hawa kan abin da ya riga su. Amsar ta zo ne bayan sojojin Faransa sun bar Nijar a ƙarshen 2023, lokacin da hanyar zuwa Aix da Vincennes ta ƙara nisa.

Ke nan rumbun da ke hannunmu ya ƙara daraja. Waɗanda suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa. Ya kamata malaman makarantun Dogondutsi da Tibiri da ɗaliban jami'o'in Doso da Yamai su naɗi abin da ya rage, su rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar da ya yi ta da wanda ya gaya masa, su bar kwafi a garin da aka ɗauko shi. Tunda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a juya rahotannin hafsoshin nan zuwa Hausa, domin jikan maharbin Lugu ya karanta abin da aka rubuta a kan kakansa, ya ce nan an yi gaskiya, nan kuwa an yi ƙarya.