Akori-kura: Abin Dubawa Kafin a Ɗora Mata Rumfar Ƙarfe

Akori-kura ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya. A Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, tana cikin motocin da ke jigilar hatsi, awaki da tumaki duk ranar Juma'a da kasuwar garin ke ci. Wasu masu ita sukan sa mai walda ya ƙera mata rumfa ko keji, domin kare kaya daga ruwan sama da rana.

Ma'aunin farko wajen zaɓe shi ne nauyin da kamfani ya ƙayyade mata. Toyota Hilux, alal misali, tana ɗaukar kimanin kilo 1,000, kuma direba, fasinjoji da ita kanta rumfar duk suna cikin lissafin. Idan rumfa ta kai kilo 250, mutum uku suka kai 200, saura kilo 550, wato buhu biyar da rabi na masara mai kilo 100.

Na biyu shi ne tsawon bodi. Mai gida ɗaya ta fi mai gida biyu tsawon baya, don haka lodi yakan zauna a kan tayoyin baya ko gabansu. Idan ya zarce su, gaba yakan yi sauƙi, sitiyari ya ƙi biyayya.

Ƙara sifirin yana hana baya durƙushewa, amma ba ya ƙara wa birki, taya ko shasi ƙarfi. Lodin da ya wuce ƙima laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kansa.