Daga Willowbrook zuwa Ajin Jami'a: Wa Zai Biya?

A tsibirin Staten da ke birnin New York akwai wata kwaleji ta gwamnati, College of Staten Island, wadda ta koma mazauninta na yanzu a 1993. Wasu daga cikin ajujuwanta tsofaffin gine-gine ne da aka yi wa kwaskwarima. Kafin kwalejin ta zo, sunan wurin Willowbrook, kuma a nan ne jihar New York take jibge yara da manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa, wato irin lalurar da ke sa mutum jinkirin fahimta da koyo, kamar lalurar Down.

An buɗe Willowbrook a 1947, an tsara shi don mutum 4,000. Zuwa 1965 sun haura 6,000, shekarar da Sanata Robert Kennedy ya ziyarci wurin ya kamanta shi da ramin macizai. Sunansa makaranta, amma karatu kaɗan ake yi a ciki. Da jihar ta tsuke bakin aljihu ta hana ɗaukar sababbin ma'aikata, lamarin ya ƙara lalacewa. A Janairun 1972 wani likita da aka kora daga aiki, Michael Wilkins, ya ba ɗan jarida Geraldo Rivera makullin wani gini. Abin da kyamara ta ɗauko, yara tsirara a ƙasa cikin ƙazanta, ya girgiza Amurka. Iyaye suka kai ƙara, aka yi sulhu a kotu a 1975, amma ba a rufe wurin ba sai 1987.

A wannan shekara ta 1972 aka yanke wata shari'a a birnin Washington wadda, a ganina, ita ce ƙashin bayan labarin. Hukumar ilimi ta birnin ta hana wasu yara bakwai makaranta, hujjarta ita ce ba ta da kuɗin koyar da irinsu. Alƙali Joseph Waddy ya ƙi karɓar wannan uzuri. Hukuncinsa shi ne, idan kuɗi bai isa ba, a raba abin da ke akwai da adalci yadda ba za a bar wani yaro a waje gaba ɗaya ba. Wato ƙarancin kowa ya shafa, ba mai naƙasa kaɗai zai ɗauke shi ba.

Bayan shekara uku majalisar tarayya ta mayar da wannan doka ga ƙasa baki ɗaya, bayan ta gano cewa yara masu naƙasa fiye da miliyan ɗaya ba sa cikin makarantun gwamnati. Ta yi alƙawarin tallafa wa jihohi da abin da zai iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin da ake kashe wa ɗalibi. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu, amma ya yi ƙorafi cewa dokar ta yi alƙawarin abin da gwamnati ba za ta iya cikawa ba. Bai yi ƙarya ba. A yawancin shekaru abin da tarayya ke bayarwa bai kai rabin wannan ba, jihohi da gundumomi ke cike giɓin.

Duk da haka yaran sun shiga aji. Matsalar ta koma gaba: haƙƙin da dokar ta bayar yana ƙarewa ne a wajajen shekara 21. Yarinya ta yi firamare da sakandare tare da tsararrakinta, su sun wuce jami'a, ita kuma ta dawo gida ko an tura ta wurin aikin da aka keɓe wa masu naƙasa, inda doka ta yarda a biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Jami'a na neman takardar kammala sakandare ta ainihi, tallafin karatu na tarayya ma haka, ita kuwa ba ta da ita.

Dokar ilimi mai zurfi ta 2008, wadda George W. Bush ya sa wa hannu, ita ta sassauta wannan. Ɗalibi mai naƙasar ƙwaƙwalwa da ya shiga shirin da aka amince da shi zai iya samun tallafin Pell da aikin cikin makaranta ko ba shi da waccan takarda. Sharaɗin shi ne aƙalla rabin lokacinsa ya kasance tare da ɗalibai marasa naƙasa, a aji ko a wurin koyon aiki. A 2010 aka raba tallafi na farko ga shirye-shirye 27 a jihohi 23, aka kuma ɗora wa cibiyar Think College da ke Jami'ar Massachusetts a Boston alhakin bin diddiginsu.

Sai dai tallafin na shekara biyar ne, kuma dole makaranta ta kawo kashi 25 daga aljihunta. Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja da kuɗin gwaji ya san yadda shekara ta shida take: aikin na tafiya, mutane sun dogara da shi, babu mai biyan wanda zai kula da shi. Idan makaranta ta rasa madafa, kan iyaye nauyin ke komawa, kuma ɗaliban nan ba su da damar karɓar bashin karatu na tarayya. Tallafin Pell shi kaɗai ba ya ɗaukar kuɗin makaranta da na masauki da na masu taimaka wa ɗalibi. Ƙofa a buɗe take, amma mai hali ne ya fi shiga.

A nan jihohi suka bambanta. Massachusetts ta riga tarayya, tun 2007 take ware kuɗi don matasa 'yan shekara 18 zuwa 22 su riƙa ɗaukar darussa a kwalejojin gwamnati, kuma a 2022 ta cire musu sharaɗin cin jarrabawar jiha kafin shiga. Florida ta yi dokarta a 2016, lokacin da Andy Gardiner, wanda ɗansa ke da lalurar Down, yake shugabancin majalisar dattawan jihar. Aka kafa cibiya a Jami'ar Central Florida, aka ware kuɗin buɗe sababbin shirye-shirye, aka kuma fara ba ɗalibi dala 7,000 a shekara. Ba na raina ƙoƙarin Gardiner, amma abin dubawa ne a ce sai da uba ya hau kujera kafin kasafi ya tuna da waɗannan yara. Jihar da ba ta samu irinsa ba fa?

Masu suka na cewa yawancin ɗaliban satifiket suke samu, ba digiri ba, don haka kuɗin zai fi amfani a koyar da sana'a. Tambayar na da nauyi, tunda aljihun jiha ba rijiya ba ne. Amma Willowbrook ma da kuɗin jiha aka tafiyar da shi shekara 40, ba a taɓa sa shi a tallafin shekara biyar ba.

Shirye-shiryen yanzu sun haura 300 a Amurka, ƙasar da ke da kwalejoji da jami'o'i kusan 4,000. Ɗaya daga cikinsu, wanda ƙungiyar AHRC ke gudanarwa, yana kwalejin nan ta tsibirin Staten.