Fileks: Wayar da Aka Raina Har Ta Zama Mai Yanke Hukunci

A sana'armu ta zana allunan lantarki, wayar da za ta haɗa wannan fanel da wancan ita ake tunawa daga ƙarshe. Sai an zaɓi cif, an shimfiɗa layukan tagulla, an yi gardama kan kuɗi, sannan wani ya ɗago kai ya ce, "To da me za mu haɗa su?" A lokacin an riga an gama akwatin na'urar, ɗan lungun da ya rage shi za a cusa fileks a ciki. Wannan raini ya girme mu duka, kuma babu zamanin da bai biya kuɗinsa ba.

Waɗanda suka fara biya su ne masu wayar tangaraho. A 1858 aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin tekun Atlantika tsakanin Ayalan da Newfoundland. Saƙon Sarauniya Victoria zuwa ga shugaban Amurka, kalmomi 98 kacal, ya ci kusan awa 16 kafin ya kammala isa, domin kowane bugu da aka aika da kaifinsa yana isowa ne a baje, yana hawa kan na bayansa. William Thomson ya riga ya yi lissafin cewa idan aka ninka tsawon waya, jinkirin yakan ninku huɗu. Wildman Whitehouse, mai kula da lantarkin kamfanin, bai yarda ba; a ganinsa ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ya tura wa wayar wuta kusan bolt 2,000, cikin makonni uku ta mutu. Sai a shekarun 1880 Oliver Heaviside ya kammala lissafin yadda sigina ke tafiya a doguwar waya, kuma da shi muke aiki yau a kan fileks da bai kai tsawon yatsa ba.

Ita kanta shimfiɗaɗɗiyar wayar ba ta zo da rigima ba. Albert Hanson ya yi rajistar dabarar manna siraran ƙarfe a jikin takarda mai kakin farafin a Ingila a 1903. Kamfanin Cicoil na Kalifoniya ya fito da waya mai faɗi kamar ɗamara a 1956, DuPont kuma ya kawo Kapton a shekarun 1960, wato ledar nan mai launin zuma da ke jure zafin dalma. Shekaru da yawa babu wanda ya damu, tunda sigina na tafiya a hankali.

Inda abin ya fara cizon talakan mai gyara shi ne wayar IDE ta hadis, wato faifan ajiyar bayanan kwamfuta. Duk wanda ya buɗe kwamfutar tebur ta wancan zamani ya san ta: toka-toka, layi 40 jere da juna, da jan layi a gefe ɗaya don kada a soka ta a juye. Layukan da ke ɗauke da bayanai suna kwance kafaɗa da kafaɗa ba shamaki, duk lokacin da ɗaya ya tashi daga sifili zuwa ɗaya sai ya girgiza maƙwabcinsa. A ƙaramin gudu girgizar kan lafa kafin a karanta. Da aka kai megabayit 66 a daƙiƙa a ƙarshen shekarun 1990, sai bayanai suka fara lalacewa a hanya. Maganin da aka samo har yau yana burge ni: aka bar bakin mahaɗin da fil 40 yadda yake, aka mayar da layukan cikin wayar 80. Ƙarin 40 ɗin ba sa ɗaukar ko harafi ɗaya, giraun ne zalla, wato hanyar da wuta ke bi ta dawo, kowanne a tsakanin layi biyu. Za ka gane ta da siraran layukanta da kawuna masu launi uku, shuɗi na babban fanel, baƙi da toka na hadis. Tsawonta bai kamata ya wuce santimita 46 ba, amma kasuwa ta cika da masu tsawo, har da waɗanda aka tsattsaga aka naɗe don iska ta ratsa, wato an raba kowane layi da giraun ɗin da aka ba shi.

Abin da wannan waya ta koya mana biyu ne, kuma sababbin shiga har gobe suna tuntuɓe da su. Wutar da ta tafi dole ta dawo, a babban gudu kuwa tana dawowa ne daf da layin da ta bi. Ka hana ta wannan hanya, ta zagaya ta wani wuri ta ɓata na wasu. Sannan ba yawan bugun agogo ne abin tsoro ba, saurin tashin kowane bugu ne. Sigina na cin kusan santimita 15 a nanodaƙiƙa guda. Idan ta tashi kafin ta kai ƙarshen waya ta dawo, to duk inda faɗin layi ko kaurin leda ya sauya, wani ɓangarenta zai komo baya, kamar ruwan lambatu da ya tarar da wuri ya tsuke. Howard Johnson da Martin Graham sun tattara irin wannan sani a littafinsu na 1993, wanda a sunansa ma suka kira fannin da tsafi. Ba su yi ƙarya ba. A lokacin ustazan sana'ar ne kaɗai suka san kansa.

Laftof ce ta tilasta sauya tunani gaba ɗaya, domin hoto sai ya ratsa ta hinjin murfi, inda babu wurin layi 80. National Semiconductor ya fito da LVDS a 1994: layi biyu manne da juna, ɗaya kishiyar ɗaya, ɗan ƙaramin kwarara na miliamfiya 3.5 a kan turjiya om 100, abin da ke ba da kusan milibolt 350. Hayaniyar waje na faɗa wa layukan biyu daidai wa daida, mai karɓa kuma bambancinsu kawai yake dubawa. SATA ta bi sahu a 2003 da layi 7, ta kori IDE. A shekarar ne kuma ARM, Nokia, STMicroelectronics da Texas Instruments suka kafa ƙawancen MIPI, wanda ƙa'idojinsa ke kai hoto daga kyamara zuwa fanel, daga fanel zuwa sikirin, a yawancin wayoyin hannu.

Sai dai fileks na da matsalar da fanel mai tauri ba shi da ita: ana so ya lanƙwasa. Mai kula da sigina yana son shimfiɗar tagulla cikakkiya a ƙarƙashin layuka, mai kula da jiki yana cewa hakan zai sa ya sandare ya tsage. Ledar kuma siririya ce, mikron 25 ko 50, don haka giraun na kusa sosai, sai an tsuke layi ƙwarai kafin a samu om ɗin da ake nema. Sulhun da aka yi shi ne a huda giraun ɗin ya zama raga. Ɗaga fileks ɗin sikirin zuwa haske, sau da yawa za ka ga ƙananan murabba'ai a karkace. Ni a nawa ra'ayin wannan raga ita ce wurin da ake gane gwani, domin idan layi ɗaya na tagwayen ya bi kan tagulla ɗayan kuma ya bi kan rami, sun daina zama tagwaye.

Shi ya sa mai gyara a Farm Centre ta Kano kan sha mamaki. Ya sa mita a sabon fileks mai araha, kowane layi ya yi ƙara, alamar babu yankewa, amma da ya ɗaura sai sikirin ya riƙa zane ko kyamara ta ƙi buɗewa. Mita ba ta yi masa ƙarya ba, tambayar da take amsawa ce daban: ko hanya a buɗe take. Faɗin layi, tazarar tagwaye da kaurin leda ba ta ganinsu.

Masu ƙera na'ura ma sun san haka: da Raspberry Pi 5, wani ɗan ƙaramin fanel na kwamfuta, ya fito a 2023, an fitar da hanyar PCIe mai saurin kai bayanai ta kan fileks mai layi 16, tazarar rabin milimita tsakaninsu. Masu shi sun ba da tabbaci ne kan gudun mataki na 2 kawai. Wanda ya tura shi zuwa na 3 ya yi don kansa. A takardar ƙa'idarsu sun ce tagwayen layukan su kasance om 90, tsawon wayar kuma kada ya wuce milimita 50.